Shekara Ashirin da Uku Babu Lalle a Hannun Mma Balki

Duk wanda ya saba tsayawa jiran bas a unguwar Park Hill ta New York da sassafe ya san Mma Balki. Ƙarfe bakwai saura kwata take fitowa, baƙar jaka a kafaɗa, kwanon abincinta ɗaure cikin leda, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Jama'a duk feri suka nufa, wato jirgin fito, za su tsallaka Manhattan neman abinci. Ita kuwa tun kafin a kai bakin ruwa take danna ƙararrawa ta sauka a Stapleton, ta bi wani layi mai gangara zuwa wani tsohon gini na jan bulo. Ƙaramin gidan adana tarihin unguwa ne. Yawancinmu mun sha wuce shi ba mu taɓa ɗaga kai mun karanta allon ƙofarsa ba.

In ta buɗe ƙofa, wata 'yar na'ura take fara dubawa a bango, mai nuna yawan laimar ɗaki, ta rubuta lambar da fensir. Sannan ta wanke hannu da sabulu marar ƙamshi, ta goge, ta tsaya har ya bushe sarai. Sai ta sauko da kwali ɗaya ta ajiye a tebur.

Abin da ke cikin kwalayen nan katuna ne masu hoto, irin waɗanda ake manna wa kan sarki a jefa a gidan waya ba tare da ambulan ba. Hotunan 'yan wasan kwaikwayo ne na zamanin da babu talabijin, lokacin da mai son kallo sai ya sa rigarsa mai kyau ya je ya zauna gaban dandamali. Maza da murɗaɗɗen gashin baki da takobin ƙarya, mata da manyan huluna masu gashin tsuntsu. Katunan sun fi dubu huɗu, yawancinsu sun haura shekara ɗari. Masu hoton duk sun mutu, masu tafa musu ma sun mutu. Mutum ɗaya ce take duba fuskokinsu kullum, kuma 'yar Zongon Kumasi ce.

Ƙarshen watan Yunin bana, 2019, ta ajiye aiki bayan shekara ashirin da uku. Ni sunana Souley Barmo, mutumin Maradi. Ina da kantin kayan abincin gida a Port Richmond, inda Mma Balki take sayen gari da manja da daddawa. Aji shida na yi a makaranta, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma akwai abin da matar nan ta yi mini wanda in na yi shiru a kansa ban kyauta ba.

Ku fara da duban hannunta. Mace ce da aka raina da man kaɗe, amma ranar aiki ba ta shafa komai a hannu, don maiƙo in ya shiga kati ba ya fita. Sanyin New York yakan tsattsaga mata yatsu har su yi jini, ta naɗe da filasta ta ci gaba. Lalle kuwa ta bar shi baki ɗaya, ta ce ba ta yarda da shi kusa da takarda ba. Ko ranar bikin 'yarta a ƙafa kawai aka sa mata. Ƙawarta Yaa, wadda suke gini ɗaya a Park Hill, ta ce a gaban mata ta yi mata tsiya: “Uwar amarya da hannu kamar na mai kwaɓa siminti?” Mma Balki ta ce, “Litinin ina da aiki.”

Ba da wannan aikin ta fara ba. Shara da goge-goge aka ɗauke ta. Wata rana tana goge taga sai ta ji wata ɗalibar jami'a tana fama da rubutun bayan wani kati, irin rubutun mutanen da, mai harɗe-harɗe kamar igiya. Ɗalibar ta kasa. Mma Balki ta leƙa ta bayan kafaɗarta da tsumma a hannu, ta karanta mata tiryan-tiryan. A Kumasi da rula aka koya musu irin wannan rubutun, in harafi ya karkace a buge maka yatsa. Shugabar gidan tana tsaye tana ji. Daga ranar aka fara kiranta in an maƙale, sannu a hankali tsintsiya ta koma hannun wani.

Kafin ita, gaban kati kawai ake rubutawa a littafi: sunan ɗan wasa, shekara, da wanda ya ɗauki hoton. Ita ta ce wa shugabar, “Kun rubuta wanda ke cikin hoto. Wanda ya aika fa? Wanda ya karɓa fa?” Sai ta fara juya kowane kati. Tana kwafe abin da aka rubuta a baya kalma-kalma, sannan ta ƙara abin da idonta ya gani: nan ya ninke, nan hujin allura ne don an taɓa kafe shi a bango, nan tabon shayi ne. Da fensir take yi, biro ba ya shiga ɗakin. Shekara goma sha ɗaya ta ɗauka kafin ta juya na ƙarshe.

Ranar walimar sallamarta shugabar gidan ta ba mu labarin wani tsoho da ya zo daga New Jersey neman hoton kakarsa. Bai san sunan da take wasa da shi ba. Abin da ya sani kawai, a gidansu ana cewa in ta rubuta wasiƙa ba ta sa hannu, sai ta zana ɗan ƙaramin takalmi a ƙasa. Ma'aikata suka ce da wuya. Mma Balki ta tashi ta sauko da kwali na goma sha tara, ta zaro kati uku. Tsohon ya cire hularsa ya zauna, ya fi rabin awa yana kallonsu.

Ni nawa labarin da ita ya fara ne da guguwar Sandy, wadda ta turo ruwan teku cikin unguwanni, ƙarshen Oktoban 2012.

A lokacin kwalayen suna ɗakin ƙasa. Ranar Lahadi da rana, kafin a tsayar da motocin bas, Mma Balki ta je ita kaɗai da makullinta, ta kwashe kwali talatin da wani abu ta hau da su bene, da wannan gwiwar tata. Kwali shida suka gagare ta, suna cikin wani kabad na ƙarfe wanda makullinsa ke hannun wanda ya yi tafiya. Ruwa ya shiga ya shanye su.

Laraba da safe ina kanti, babu wuta a unguwa sai janaretana yana ta ƙara, sai ga motar Kassim, direban da yake yi mana dakon kaya. Mma Balki ta fito da takalmin roba, zanenta duk laka.

“Malam Barmo, firizarka nawa?”

“Uku, Mma. Lafiya?”

“Kwashe naman babbar.”

Na ce naman akuya ne da kifi, ina zan kai su? Ta ce, “Mutane suna can babu abinci, mata suna girki a masallaci. Kai musu. Nama ana yanka wani. Waɗannan ba a haifo su kuma.” Ta buɗe bayan mota, ga ledoji cike da jiƙaƙƙun katuna. Ta ce in takarda ta jiƙe, kwana biyu zuwa uku fumfuna take kama ta, tawada ta zube. Amma in aka daskarar da ita komai yana tsayawa yadda yake, har masana su zo su busar da ita da injinsu. Ban gane ba sosai, amma fuskarta ba ta mai jiran gardama ba ce. Muka kwashe nama, muka jera ledoji.

Suka koma ɗauko sauran. Nan na yi abin da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Wata leda ta ɗan buɗe, na ga katunan suna ɗigar ruwa, na ji tausayinsu. A wajenmu in abu ya jiƙe shanya shi ake yi. Takardar haihuwata ma da ta taɓa faɗawa ruwa a Maradi, a kan rufin kwano mahaifiyata ta busar da ita. Wane ne yake sa jiƙaƙƙen abu a ƙanƙara? Na ce bari in taimaka mata. Na zaro guda bakwai na jera su a kan hitar ɗumama ɗaki da na jona da janareta. Na juya na sallami mutum biyu masu neman kyandir da batir. Da na waiwayo katunan sun nannaɗe kamar ganyen da ya ƙone. Biyu sun manne da juna. Na ja don in raba su, sai fuskar ɗaya ta bi bayan ɗayan ta ɓare.

Mma Balki ta shigo ta same ni da su a hannu. Ta dube su, ta dube ni. Kassim ya ce shi dai ya koma bakin ƙofa don ya zaci za ta rushe kantin. Sai ta ce a hankali, “Ɗan Nijar, kilishi kake yi?”

Ta karɓe su da hannu biyu ta sa a leda dabam. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Katunan suka yi mako biyar a firizata, kuma kusan duka sun tsira. Har yau in ta zo sayayya takan ce 'yan wasanta suna warin kifina.

Shekara biyar da 'yan watanni suka wuce. Autarmu Firdaoussi ta shiga ajin ƙarshe na sakandare. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ni burina ta karanta aikin jinya ko haɗa magani, abin da mutum zai riƙe kansa da shi ko da ba na raye. Wata Juma'a muna sa takalma a ƙofar masallaci sai Haruna, wanda muka zo ƙasar nan shekara ɗaya da shi, ya miƙo mini wayarsa. Takardar tallan wasan kwaikwayo ce ta makarantar su Firdaoussi, ga sunan 'yata a sama. Ya ce, “Ashe an samu 'yar wasa a gidan Barmo. Allah ya sanya alheri.” Ya faɗi addu'ar da irin muryar da ba addu'a ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Ina ta tunanin hoton nan ya isa Maradi, yayyena sun gani, ana cewa Souley ya kai 'ya Amurka ta zama abin kallo. Ina tunanin maza suna riƙe mata hannu a gaban jama'a. Da na tambaye ta, ba ta ɓoye ba. Ta ce wata huɗu suna shiri, kuma abin da take son karantawa a jami'a ke nan. Na ce mata, “Ranar da kika hau dandamalin nan, ki nemi wani uban.”

Ta ce, “Okay, Baba.” Ta shiga ɗaki.

Daga ranar gidan ya yi shiru. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini ruwa, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma yarinyar da takan zo kanti ta zauna a kan buhun shinkafa ta cika ni da surutu ta tafi. Sau biyu ta tsaya bakin falo ta ce, “Baba, can we talk?” Na ƙara ƙarar talabijin. Matata Aïchatou ta gano takardun jami'o'in da take nema, duk masu nisa ne, babu ko ɗaya da feri zai kai ka. Ta ce mini, “Malam, yarinyar nan za ta tafi, kuma irin tafiyar da ba a waiwaye. Kai ka san zuciyarta, taka ce.” Na ce ta bar ni. Amma abinci ya daina shiga, ina ba mutane canji ba daidai ba.

Aïchatou ce ta kai wa Mma Balki maganar, daga baya na sani. Wata Talata ta shigo kanti, ba ta sayi komai ba. Ta ce, “Mutane sun yi mako biyar a firizarka, ba ka taɓa zuwa ka ga inda suka koma ba. Gobe ƙarfe goma.”

Na je. Ta tsayar da ni a bakin famfo na wanke hannu sau biyu, ta shinshina ta ce har yanzu da daddawa, na ƙara na uku. Sannan ta zaunar da ni, ta jera kati goma sha ɗaya a kan farin ƙyalle. Mace ɗaya ce a cikinsu duka. A na farko yarinya ce siririya, ba ta fi Firdaoussi ba, tana riƙe da kwandon furanni. A na ƙarshe ta yi jiki, ta sa rawanin sarauniya na kwali.

Mma Balki ta ce sunan da aka buga a gaba na aro ne. Sunanta na gaskiya Minna, shi take sawa a baya. Ubanta mai gyaran takalma ne a nan Stapleton, layi biyu daga inda muke zaune. Kowace shekara kati ɗaya take aiko masa, daga 1903 zuwa 1913. Ta juya na farko, tana karantawa tana mayar mini da Hausa.

“Baba, ga ni. Ina cin abinci sosai. Na sake suna don kada a dame ka a shago. Asabar muna wasa a Brooklyn, na ajiye maka kujera.”

Ta juya wani. “Baba, na ji ƙafarka tana ciwo. Ka daina tsayuwa a kan siminti. Kujerar tana nan.”

Haka ta yi ta juyawa. Wani daga Chicago, wani daga garin da ban taɓa jin sunansa ba. Da ta zo na ƙarshe sai ta gyara tabarau. “Baba, wannan shi ne na goma sha ɗaya. Ban taɓa samun layi ɗaya daga gare ka ba. Ba zan ƙara damunka ba. Ina lafiya.”

Na ce, “Mugun mutum.”

Ta ce, “Haka ka gani? Matso.” Ta ba ni gilashin ƙara girma, ta nuna mini kusurwar ƙasa ta hagu. A kowane kati wurin ya suɗe ya yi baƙi, ya yi laushi kamar tsohon tsumma. Ta ce babban yatsa ne, baƙin kuma man goge takalmi ne. A cikin wani gwangwani aka same su a aljihun teburin aikinsa, lokacin da jikoki suka sayar da gidan. Kati ba ya suɗewa haka da kallo ɗaya ko goma. Mutumin nan kullum sai ya fito da su, da hannun aiki, ya duba ya mayar.

Na ce, “Ashe yana son ta.”

“Yana son ta. Ni na sani, kai ma yanzu ka sani. Minna fa, wa ya gaya mata?”

Sai na kai ido kan na bakwai. Ga riga, ga hula, ga hannu a ƙugu, amma inda fuska take fari ne fat, a ɓare. Na ce, “Wannan fa, uban ne ya yi?”

“A'a. Wannan aikinka ne.”

Ta zaro 'yar takardar bayaninsa ta nuna mini rubutunta na fensir, ta fassara: ya lalace da zafi, Oktoba 2012, a hannun wani mai son taimako. Ba ta sa sunana ba. Ta ce, “Uban ya riƙe shi bai ɓata fuskar ba. Ruwan teku ya sha shi bai ɓata ba. Minti ashirin a kan hitarka. Kai ba mugu ba ne, Malam Barmo. Amma duk abin da ka ji tsoron ya lalace sai ka sa masa zafi.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce waɗannan Turawa ne, addininsu dabam, al'adarsu dabam, ni ina da abin da zan amsa gaban Allah a kan 'yata. Ta ce, “Gaskiya ne. Ni ba liman ba ce, ban ce ka yarda ba. Abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, je ka tambayi malamai. Ni abu biyu na sani. Ba ka ga wasan ba ka yanke hukunci. Kuma yarinya ta yi maka magana ba ka amsa ba. Ita ba za ta kai goma sha ɗaya ba, yaran yanzu ba su da wannan haƙurin.” Ta fara mayar da katunan cikin rigunansu ɗaya bayan ɗaya. “Tashi, ina da aiki.”

Wasan ranar Asabar ne ƙarfe biyu na rana. Na rufe kanti, abin da ban taɓa yi ba ranar Asabar sai da Sallah. Muka zauna can baya ni da Aïchatou. Malamarsu ce ta rubuta wasan tare da ɗaliban, a kan mutanen wani gini da ake son a kore su daga ciki. Rabin Turancin ya wuce ni. Sai ga Firdaoussi ta fito da ɗankwalinta da doguwar riga, an shafa mata fari a gira, tsohuwa ce mai ɗan shago a ƙasan ginin. Ta rufe ƙofar shago, ta yi taku uku, ta dawo ta girgiza kwaɗon. Ta sake tafiya, ta sake dawowa ta girgiza. Ta yi gyaran murya sau biyu, ta shafa aljihu ta ji makulli yana nan. Ɗakin ya fashe da dariya. Aïchatou ta mintsine ni ta ce, “Malam, wannan ai kai ne.”

Ni ne. Ban san tana kallona haka ba. Can gaba kuma tsohuwar ta zauna ita kaɗai tana jiran ɗanta da bai dawo ba, tana leƙa taga, tana duba agogo, ba ta ce komai ba har kusan minti biyu. Babu wanda ya yi tari a ɗakin. Wannan ma ni ne, kuma ba ta yi shi don a yi dariya ba.

Da aka tashi muka tsaya a baranda. Ta fito cikin ƙawayenta, ta hango ni, ta tsaya cak. Tun a bas na shirya maganar da zan yi, mai tsawo, da nasiha a ciki. Duk ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ni sau ɗaya nake komawa duba kwaɗo.”

Ta ce da Hausa, “Sau uku, Baba. Na rage maka ɗaya.”

Sai ta sa fuskarta a kafaɗata, farin girar duk ya shafe mini riga.

Kada wani ya ɗauka hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Mun zauna mun yi magana mai tsawo, na je wajen malam kamar yadda aka ce, akwai abin da ta yarda ba za ta yi a dandamali ba, akwai abin da na haɗiye. Yanzu tana wata jami'a can arewacin jihar, awa biyar a mota, tana karanta wasan kwaikwayo haɗe da koyarwa. In dusar ƙanƙara ta sauka can ba na iya cin abinci a nan. Haruna har yau yana tambayata labarin 'yar wasa da wannan muryar tasa. Ban san ko na yi daidai ba, Allah ne ya sani. Abin da na sani shi ne kowane wata kati yana zuwa kanti, mai hoto, da kan sarki, alhali kullum muna waya. Ban tambayi wanda ya ba ta shawarar ba. Kuma kowane ɗaya ina amsawa, da wannan rubutun nawa na ɗan aji shida.

Mma Balki, ke ce kika zauna shekara ashirin da uku a ɗakin da babu taga mai kyau, kina kula da fuskokin mutanen da ba danginki ba, ba addininki ba, ba su san za a yi ki ba. Ke ce mai juya kati. Sunanki ba ya kan allon ƙofa, kuma wanda zai zo neman kakarsa nan da shekara hamsin ba zai san hannun wa ya yi rubutun fensir ɗin ba. Kin ga laifina kin rubuta gaskiya, kin rufa mini asiri a layi ɗaya. Kin ajiye magana shekara biyar ba ki yi mini gori da ita ba, sai ranar da za ta yi mini amfani.

Ranar walimar, bayan an gama jawabai a gidan tarihin, muka koma Park Hill ɗakin Yaa. Na kawo mata babbar roba ta man kaɗe. Yaa da Aïchatou suka zaunar da ita a tsakar ɗaki suka kwaɓa lalle, suka zana mata hannu biyu har wuyan hannu. Tana ta kallon tafinta kamar na wata. Yaa ta ce, “Yau dai uwar amarya ta fito, bayan amarya ta haifi uku.”

Na zaro katin Firdaoussi na wannan watan daga aljihun gaba don in nuna mata. Ta harare ni. “A aljihu? Cikin zufa? Ina ambulan ɗin da na ba ka?” Ta miƙo hannu za ta karɓa, sai ta tuna, ta janye shi da sauri ta ɗaga sama. Ta ce, “Riƙe ta gefe. Juya.” Na juya, ta karanta da tabarau a kan hanci. Ta ce, “Ka amsa?”

Na ce, “Tun shekaranjiya.”

Ta ce, “To, shi ke nan,” ta mayar da hannunta wa Yaa.

Na gode, Mma. Aïchatou ta gode. Allah ya hutar da gwiwarki, ya ba ki shekaru masu yawa da lalle a hannu, ya sa yadda kika kula da na wasu a kula da naki.

Mu kuma da muke zaune a ƙasar nan, kowannenmu yana da akwati a ƙarƙashin gado da hotunan gida a ciki, iyaye da kakanni, waɗanda 'ya'yanmu ba su san sunansu ba. Ku fito da su wannan makon. Ku wanke hannu, ku juya su, ku rubuta suna da gari da shekara a baya, da fensir. Kada ku ajiye su kusa da hita. In kuma kuna cikin yi ɗanku ko 'yarku ta tsaya bakin ƙofa ta ce tana son magana, ku ajiye fensirin ku amsa mata.